Ranar da Inna ta amsa gaisuwata

Ni ɗan fari ne, uwata kuma Bafulatana ce. Duk wanda ya tashi a ƙasar Gaya a zamaninmu ya riga ya san inda zancen ya dosa. Bayanin da zan yi na yaran yanzu ne, waɗanda uwa ke tarba a tasha ta rungume, tana kiran sunansu da ƙarfi kamar mai cigiya.

Mu a lokacinmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta hira da shi, ba ta nuna ta san yana wurin. Kunya ce, kuma abin yabo ce. Matan Hausawa ma suna yi daidai gwargwado, amma Inna daga wata ruga ta bayan Gafasa aka kawo ta gidanmu, su kuwa can abin sana'a ne. A cikin masu sana'ar ma Inna gwana ce.

Kullum da safe sai in je ƙofar ɗakinta in durƙusa in ce, "Inna, ina kwana?" A daidai lokacin ne za ta tuna kaji sun matso kusa da shanya, ta tashi ta kore su. Kajin gidanmu sun sha kora saboda ni, ba su ci ba ba su sha ba. In abinci ya sauka, ko da ina zaune kusa da ita har ina jin zafin murhu, sai ta ɗaga murya ta kira autarmu daga can bayan rumbu ta ce, "A ce wa wancan ga tuwo nan." Yarinyar ta taho da gudu, ta tsaya a gabana ta ce, "Wai an ce ga tuwo nan." In ce na ji, a ce an gode. Ta juya ta ce, "Wai ya gode." Duk wannan a fili ɗaya da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba.

Ban tashi da maraici ba, kada a yi mini mummunar fahimta. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, mahaifiyar babana, a tsallaken tsakar gida. Ita ta goya ni, ita ta lalata ni da ƙuli-ƙuli, ita ke ce mini maigida ina ce mata amarya, muna faɗa kullum a kan ban kawo cefane ba. Da aka sa ni firamare a Ajingi, kusan kowane benci akwai ɗan fari a kai, kuma babu wanda uwarsa ke kulawa. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin damuwa ba. Haka na ga duniya, haka na karɓe ta.

Turanci ne ya ɓata ni.

A shekarata ta ƙarshe a kwalejin horon malamai, wajen farkon shekarun saba'in, aka kawo mana wata Baturiya tana koya mana Turanci. Doguwa ce, mai saurin tausayi, irin wadda in ta ga jaki da kaya sai ranta ya ɓaci. Wata rana ta rubuta kalmomi uku a allo ta ce yau za mu rarrabe su, don ɗalibai na cakuɗa su. Ta farko *ignore*: ka ga mutum sarai, ka ji shi sarai, ka share shi da gangan. Ta biyu *overlook*: ko dai idonka ya tsallake abu ba da niyya ba, ko kuwa ka ga laifi ka kau da kai don a zauna lafiya. Ta uku *neglect*, ta ce ita ce mai nauyi: abin da yake wuyanka ka kula da shi, ka yi watsi da shi har ya lalace. Na ce a raina ashe su ma suna da abin, har sun raba shi gida-gida. Mu da muke da sharewa da basarwa da biris da kunnen uwar shegu ba mu taɓa zama mun jera su a allo ba, yi kawai muke.

Ta ce kowa ya tashi ya ba da misali daga rayuwarsa. Aka yi ta kawo na ragwaye, wannan ya ce ya share ƙararrawar tashi, wancan ya ce hedimasta ya kau da kai ga lattinsa. Da aka zo kaina na miƙe, na gyara wuyan riga, na ce da Turancina mai kyau uwata ta share ni tun ranar da ta haife ni, kuma har yau ba ta taɓa faɗin sunana ba.

'Yan ajin suka dunƙule a ƙarƙashin tebur suna ƙunshe dariya. Baturiya kuwa alli ya tsaya mata a hannu. Fuskarta ta yi ja, idonta ya kawo ruwa, ta ce jimlar daidai take, in zauna, in same ta bayan an tashi.

A gidanta na fara shan shayi da madarar gwangwani har da biskit a faranti. Ta tambaye ni ko uwata na dukana. Na ce ai duka ma sai an kula da mutum. Ta tambaya ko tana ba ni abinci. Na ce aikowa take yi. Ta tambaya ko ta taɓa zuwa ganina a makaranta. Na sunkuyar da kai na ƙura wa biskit ido. Allah shaida ne, ƙarya ko ɗaya ban yi wa matar nan ba. Ta dafa kafaɗata ta ce wannan ya wuce kalma ta farko, ya kai ta uku, ta ƙara mini shayi.

Daga nan na zama ɗan gida. Duk sanda na ji kwaɗayin madara sai in tuno wani labarin na gaskiya in kai mata. Wani abokina, shi ma ɗan fari, ya ga ina ƙiba ya ce shi ma bari ya gwada. Ya je yana ba da nasa yana dariya, aka sallame shi da ruwan sanyi. Na ce masa ai abin ba a labarin yake ba, a fuska yake.

To, sai dai labarin da kake maimaitawa da fuskar tausayi, wata rana kai ma sai ka ji tausayin kanka. Abin da na fara don biskit ya zo ya zauna mini a rai. In na kwanta sai in riƙa tunani, wai shin da gaske mutum zai girma, ya yi gemu, ya mutu, matar da ta haife shi ba ta taɓa duban idonsa ta ce masa ko da sannu ba? Na ji ina so. Sau ɗaya tak, baki da baki, ba ɗan aike a tsakani. Kuma lokaci ya ƙure mini, don an riga an ce in na gama za a tura ni koyarwa Gaya, daga hutun nan na bar zaman gida ke nan.

Na iso gida ana cirar gyaɗa. Ko jakata ban kwance ba na shaida wa kakata cewa ba zan tafi Gaya ba sai Inna ta yi mini magana.

Tsohuwa ta ajiye mazarin kaɗinta ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Maigida, ubanka da ya kawo ta gidan nan sai da aka yi damina biyu kafin ya ga haƙorinta. Kai a su wa?"

Na ce, "Amarya, shi bai yi kwaleji ba."

Dabarar farko, na je na zauna a bakin ƙofar madafa na miƙe ƙafafu, na buɗe littafi. Dole mai shiga ta ce in matsa. Inna ta taho da tukunya, ta tsaya, ta dubi sama kamar mai duba hadari, ta juya. Ranar a tsakar gida aka kafa duwatsu uku aka yi tuwo, ni kuwa ina ƙofar madafa ina gadin toka har ƙafata ta yi sanyi.

Ta biyu, na bari kowa ya tafi gona, kakata ta shiga maƙwabta barka, gida ya rage daga ni sai ita. Babu auta, babu wanda za a aika. Na ce, "Inna, ina aka ajiye gatari?" Ta ci gaba da wanke ƙwarya. Can ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da gatarin, ta jingine shi a jikin rumbu, ta koma kan ƙwaryarta. Da yake na tambaya, dole na ɗauka. Na wuni ina faskare itacen da ba wanda ya sa ni.

Ta uku, na kwanta ciwo. Na lulluɓa da bargon kakata ina nishi mai ƙarfi yadda zai tsallaka tsakar gida. Na ce duk taurin ranta, zazzaɓi zai kawo ta bakin ƙofa. Abin da ya zo shi ne auta, ɗauke da ƙoƙo cike da dafaffen ganyen darbejiya, kore shar, yana tururi. Ta ce, "Wai an ce a shanye duka, wai kaka ta tsaya a kai." Tsohuwar nan kuwa ta tsaya, da murnarta. Na shanye ina hawaye. Kafin la'asar na warke, don na ji an ce akwai na yamma a kan wuta.

Nan raina ya ɓaci, na ce bari in fito da makamin da ba ta da shi. Na tara ƙannena da yaran maƙwabta a tsakar gida da hantsi, na ce zan gwada hannuna kafin in je Gaya. Na samo gawayi na rubuta kalmomin nan uku a jikin rumbu, daidai inda Inna ke daka. Na koya musu ta farko har ta zauna a bakinsu, sannan na ce, "To ku zuba ido ku ga misali." Na juya na ce, "Inna, sannu da aiki."

Taɓarya ta ci gaba da sauka.

Na ce, "Yara, me ta yi?"

Suka haɗa baki suka rera kalmar, har da ja mata wutsiya irin ta 'yan aji ɗaya. Na ce a sake. Suka sake. Wata maƙwabciya ta leƙo ta kan danga ta ga abin da ake yi, ta toshe baki da gefen zane ta koma.

Kalma ta biyu ba ta ba ni wuya ba. Na tuna musu ranar da auta ta kifar da ƙwaryar nono Inna ta yi kamar ba ta gani ba. Na ce wannan ita ce kau da kai, kuma a gidan nan 'yan gata ake yi wa ita.

Kakata na gefe tana kaɗi, ta ce, "To ta ƙasan fa, maigida? Ka tsallake ta."

Ita ta ja ni, ni kuma na biye mata. Na gyara murya yadda za ta kai turmi na ce, "Wannan ita ce babba. Mutum ne Allah zai ba shi amana, ya ajiye ta a bayan ɗaki ya manta, ko ta ci ko ba ta ci ba, ba ruwansa. Malamarmu Baturiya da na ba ta labarin wani yaro ɗan ƙasar nan, har kuka ta yi. Ta ce abin da aka yi masa ke nan."

Taɓarya ta tsaya a sama. Ba ta daɗe ba, ta sauko ta ci gaba. Kakata ta dube ni ta gefen ido ta ce a hankali, "Ka taɓo."

Washegari na je na durƙusa kamar kullum, na ce, "Inna, ina kwana?" Ina jiran a kori kaji.

Sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta juyo gaba ɗaya, ta dube ni tsakiyar ido. Ranar na fara sanin idon uwata ba baƙi ba ne, ruwan ƙasa ne, irin nawa sak. Ta ce, "Lafiya lau, Malam. An tashi lafiya? Ya gajiyar hanya? Ya baƙunta?"

Da ƙyar na ce lafiya lau. Ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar tabarmar da ake ɓoyewa don surukai, ta shimfiɗa a inuwa, ta ce, "Bismilla, Malam, a daina zama a ƙasa." Ta kawo fura a ƙwarya mai zane, an rufe da sabon faifai, ta russuna ta ajiye. Na hau tabarma na harɗe, na ɗaga wa kakata gira daga nesa. Na ci gari. Tsohuwa ta ci gaba da murza goronta a magogi.

Daɗin bai kai azahar ba.

Da tuwo ya sauka, ƙannena suka kewaye akushi ɗaya suna faɗa a kan nama kamar yadda muka saba. Na taso zan sa hannu, Inna ta ce, "A'a, Malam, naka na zaure." Na je na tarar da shi a kwanon baƙi mai murfi, da nama har tsoka uku, ni kaɗai da bango. Da yamma na ɗauki guga zan je rijiya, ta karɓe da hannu biyu ta ce, "Haba, baƙo da ɗiban ruwa? Ai sai a zage mu." Matan maƙwabta suka shigo, ta ce musu, "Ku gaisa da Malam mana, daga birni ya zo." Matan da suka yi mini wanka ina jariri suka durƙusa suna tambayata ya mutanen birni, kafaɗunsu na rawa don dariya.

Haka aka wayi gari, haka aka sake wayewa. Magana kam na same ta, har ta yi mini yawa. In na fito, sannu da fitowa. In na shiga, a huta lafiya. In na yi atishawa, ita ce ta farkon yi mini addu'a. Kuma kullum sai ta tambaye ni cikin ladabi, "Yaushe ne komawar, Malam?"

Sai a lokacin na lura da wani abu da ya ɓace. Ni mayen ƙanzo ne tun ina yaro. Duk safiya nakan tarar da shi a wani ɗan kasko a kan dutsen gindin rumbu, an yayyafa masa ruwa da ɗan gishiri, ba a taɓa cewa na wane ne ba, ba kuma wanda ya taɓa taɓawa sai ni. Ban taɓa tambayar kaina wa ke ajiyewa ba. Yanzu na duba dutsen, wayam. Ai ba a ba baƙo ƙanzo.

Na lallaɓa ɗakin kakata na ce, "Amarya, ki ce mata ta bari."

Ta ce, "Ta bar me? Ba magana kake nema ba? Ga ta nan buhu-buhu."

Na ce, "Ba irin wannan ba."

Ta ce, "Au, kala-kala ce? To je ka duba a jikin rumbu, wataƙila ka rubuta sunan wadda kake so."

Na je wa babana a gona. Shi ma mai kunyar ɗan fari ne, amma tasa ta Hausawa ce, yakan amsa da gyaran murya. Ya saurare ni yana kakkaɓe gyaɗa, ya ce wa kuturun itacen da ke gabansa, "Wanda ya ƙulla ai shi ke kwancewa," ya ci gaba da aikinsa.

Na koma na same ta ita kaɗai tana tankaɗe. Na tsuguna, ban hau tabarmar ba. Na ce, "Inna, ni ne fa."

Ta dube ni da fara'a, irin wadda take yi wa mai tallan gishiri. Ta ce, "Ai na gane ka, Malam."

Ban taɓa jin magana mai daɗi ta yi mini zafi irin wannan ba. Na tashi na bar wurin.

Ranar tafiya ta zo, ranar kasuwar Ajingi, don a ranar ake samun motar Gaya. Na ɗaure akwatina. Kakata ta tofa mini addu'a a ka ta ce in na samu albashi kada in yi mata kishiya. Inna, wadda ko makaranta zan koma a da ɗaki take shigewa kafin in fito, ta yafa mayafi ta rako ni har bakin zaure. Ta miƙo mini kwalbar man shanu, tsarabar da take ba duk wanda ya kwana gidanmu. Ta ce, "Mun gode da ziyara, Malam. Allah ya kiyaye hanya. A gaida mutanen gida."

Na tsaya da kwalba a hannu. Wane gidan? Na buɗe baki in tambaya, ta riga ta juya.

A bayan mota, a kan buhunan gyaɗa, na yi kukan da ban yi ba tun ranar kaciya. Wani dattijo da ke riƙe da akuya ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, hayaƙin motar ne.

Na kama aiki a Gaya, aka ba ni aji biyar da ɗaki a bayan makaranta. Yara suna ce mini Malam, iyayensu suna ce mini Malam, mai ƙosai tana ce mini Malam, kuma duk wanda ya faɗa sai gabana ya faɗi. Gida ba nisa, amma na yi ta ɗaga zuwa. Wannan makon in ce gyaran jarrabawa, wancan in ce ba mota. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. In na je aka sake yi mini maraba, ban san inda zan sa kaina ba.

Da abin ya ishe ni, wata Asabar na ari keken wani malami na kama hanya. Na iso bayan la'asar, ƙafafuna sun yi futu-futu. Na jingine keken a zaure, na tsaya ina sauraron gidan. Ina jin muryarta a ciki tana yi wa auta faɗa a kan ta bar akuya ta ci dusa. Na yi sallama. Yara suka yo kaina suna ihu, faɗan ya tsaya cak.

Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ta ba ƙofa baya, tana tsince wake a faifai. Na je bayanta na durƙusa. Na ce, "Inna, sannu da gida."

Shiru.

Na ƙara ɗaga murya, don in tabbata. "Inna, mun same ku lafiya?"

Ta tsince wani ɗan dutse ta yar. Ta tsince wani. Sannan ta miƙe da faifanta, ta bi ta gabana har gefen zanenta ya shafi gwiwata, idonta na kan katanga, ta shige ɗaki ta saki asabari.

Kakata ta leƙo daga ƙofarta ta ce, "Maigida, an share ka fa."

Na ce, "Na gani." Ina dariya, hanci na yoyo, yara sun kewaye ni suna kallon malamin makaranta ya zama abin tausayi.

Inna ta yi shekaru masu yawa bayan wannan, ta ga 'ya'yana, ta goya su, ta kira kowannensu da sunansa. Har ta koma ga Allah ba ta sake amsa gaisuwata ba, ni kuma ban taɓa kwana a gidan na fasa zuwa ƙofarta in durƙusa ba.